Ka Ce Mu Tashi, Da Muka Tashi Ka Zaunar Da Mu

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Ƙungiyar Ci Gaban Garinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Baba Alhaji, ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ne Sanusi, ɗan Malam Umaru na bakin kasuwa, abokinka tun kuna makarantar allo. Ina noma da safe, da yamma ina koyar da yara a Islamiyyar unguwarmu. Na rubuto maka a fili ne saboda na sha zuwa zaurenka ana ce mini ka tafi Sakkwato, alhali ga motarka a ƙofar gida. Kuma abin da aka yi mini, a gaban jama'a aka yi shi, don haka jama'a na da haƙƙin jin yadda aka fara da inda aka kwana.

Na farko, ina tuna maka cewa kai ka kira mu, ba mu muka kawo kanmu ba.

'Yan shekarun baya, bayan an sauko daga Idin Babbar Sallah, ka miƙe a ƙofar masallaci ka ce: "Mu mun tsufa. Garin ga naku na, samari, ku tashi ku riƙe shi." Ka ce Musulmin kirki ba ya naɗe hannu yana kallon garinsu na lalacewa. Daga nan ka zaɓe mu, ka tura mu Tambuwal wani horo na shugabanci da aka shirya wa matasa. A cikin ajin makaranta muka riƙa kwana bisa tabarmi, sauro na cin mu, muna ta murna. Malaman suka koya mana cewa shugabanci amana ne. Suka koya mana yadda ake kai kuka ga manya ba tare da zagi ba: a fara a keɓe, in bai yiwu ba a bi ta hannun mai daraja, sai an rasa mafita a faɗa a taro. Suka ce katin zaɓe ya fi sanda ƙarfi. Ni dai na ɗauki maganar da gaske, na dawo gida da ita.

Mun duba abin da ya fi ci wa garinmu tuwo a ƙwarya, muka ga rikicin kaka ne. Duk shekara Fulani na gangarowa daga wajen Dogon Daji da shanunsu za su fadamun Kebbe, kuma duk shekara sai an fasa wa wani kai, domin gonaki sun cinye burtali. Sai muka kafa kwamitin matasa, muka sa 'ya'yan manoma da 'ya'yan makiyaya a ciki. A nan na san Sambo, ɗan Arɗon rugar da ke sauka gabas da gari. Mahaifinsa da fari bai yarda ba, ya ce ya ga irin waɗannan zama da yawa, ƙarshensu tara ce a kan Bafulatani. Sambo ne ya yi ta lallashinsa har ya amince.

Da ƙafa muka bi burtalin nan tun daga kan iyakar gari har mashaya. Muka roƙi masu gonaki ɗaya bayan ɗaya. Malam Garba, wanda gonarsa ta fi kowace shiga hanyar, ya janye kunyoyinsa da kansa, ɗansa Lawali kuma ya shigo kwamitinmu. Muka dasa bini-da-zugu gefe da gefe don kowa ya ga iyaka. Fulani suka yi alkawarin ba za su shiga kara ba sai mai gona ya kwashe amfaninsa ya sake ta. A kakar nan ba a zubar da jinin kowa ba, ba a kai kowa gaban alƙali ba. Bayan haka muka riƙa goya samari bisa babura zuwa Tambuwal su yanki katin zaɓe, har da 'yan ruga da ba su taɓa tsayawa layi ba, da ɗaliban ajin matan aure na Islamiyyarmu. Da baƙi suka zo daga Birni, wato Sakkwato, ka tara mu ka tsaya a tsakiya aka ɗauki hoto, ka ce musu aikinka ne. Ba mu ji haushi ba. Mun ɗauka uba ne ke alfahari da 'ya'yansa.

Na biyu, abin da ya faru da damina ta zagayo.

Wata safiya muka iske tarakta ta nome burtalin, daidai inda yake gangarawa mashaya. An tuge shukokin da muka dasa an watsar a rami, an zuba shinkafa. Ba sai an yi bincike ba, direban da kansa ya faɗa wa kowa cewa aikin surukinka ne, mijin 'yarka da ke zaune a Birni.

Na bi abin da aka koya mini daki-daki. Na zo gidanka a keɓe, ban gan ka ba. Na roƙi Liman ya yi maka magana, ya je ya dawo yana sunkuyar da kai, ya ce in yi haƙuri. Sai ranar babban taron ƙungiya a filin firamare, na ɗaga hannu, aka ba ni abin magana. Na durƙusa na gaishe ka, na gaida dattawa. Abin da na ce ke nan, kuma mutanen da suka ji suna nan da ransu: "Baba, burtali ya toshe, kaka kuma na tahowa. Ina shanu za su bi su sha ruwa?"

Ba ka dube ni ba. Ka juya ga na kusa da kai ka ce: "Ɗan wa na wanga?" Aka yi dariya. Kai da ka ci naman sunana, kai da ka tura ni Tambuwal da bakinka. Wani ya zo ya zare abin maganar daga hannuna ina durƙushe. Kafin a tashi ka sanar da cewa an rushe kwamitinmu, wai yara sun fara rashin kunya, ka kuma naɗa ɗan ƙanenka shugaban matasa. Ba ni da faɗa da shi, amma a Sakkwato yake zaune, Sallah kaɗai ke kawo shi gari, kuma ban tsammanin ya san ta inda ake bi a je mashaya.

Na uku, kuma wannan ya fi ci mini rai, shi ne abin da ka yi wa mahaifina.

Da ka tsaya a kaina, da na haɗiye. Amma ka aika masa cewa ɗansa ya ci maka mutunci. Tsohon nan da ciwon ƙafa ya hana shi zuwa ko masallacin Juma'a sai an goya shi, ya ɗauki sandarsa ya tako har zaurenka. Aka bar shi zaune a ƙasa kana ciki kana cin abinci da baƙi. Da ka fito ya cire hularsa ya ba ka haƙuri a kan laifin da ba a yi ba. Ka ce ya je ya ja mini kunne. Ba ka ce a ba shi tabarma ba, ba ka ce a mai da shi gida ba. Da ya dawo sai ya ce: "Sanusi, in kana so in mutu da sauran mutuncina, ka kama bakinka." Na ce to. Tun daga ranar ban ƙara ambaton burtali ba, ko a majalisar shayi.

Na fuɗu, kaka ta zo kamar yadda kowa ya san za ta zo.

Shanu suka iso da ƙishirwa, suka tarar da shingen ƙaya da masu gadi a inda suka saba bi. Makiyayan suka yi ƙoƙarin juya su, garken ya ƙwace ya afka gonar Malam Garba, dawarsa ta nuna ana shirin yanka. Mutumin da ya ba da ƙasarsa don a zauna lafiya, shi aka fara ci. Lawali ya fito da adda idonsa a rufe. Sambo ya sheƙo da gudu ya shiga tsakanin Lawali da mai korar shanun, wanda ƙanen Sambon ne, ya ɗaga hannu yana kiran sunan Lawali. Addar ta sauka a hannunsa na dama.

Ni na ɗauke shi a babur zuwa asibiti a Tambuwal, wani na riƙe da shi ta baya, jininsa na bin rigata har cikin takalmi. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, ba a kai ga yanke hannun ba, amma yatsun ba sa lanƙwasa. Ba ya iya tatsa, ba ya iya riƙe sanda. Bafulatani ne, Baba, ka san abin da wannan ke nufi. Lawali kuma yana tsare yana jiran shari'a, matarsa ta haihu ba ya nan, aka yi suna babu uban jariri. Shi da Sambo a kwano ɗaya suke cin tuwo a gidanmu lokacin da muke aikin dashe. Malam Garba ya rasa dawarsa ya rasa ɗansa a kaka ɗaya. Shinkafar surukinka kuwa ko zangarniya ɗaya ba a taɓa ba, an casa an loda a mota an yi Birni da ita muna kallo.

Ba ka je asibiti dubiya ba. Ba ka taka gidan Malam Garba ba. A kan gadon asibitin Sambo ya dube ni, ba da faɗa ba, ya ce: "Sanusi, kai ka ce in an bi ta baki ba a kai ga sanda. Haka na faɗa ma babana, ya yarda da ni." Yana samun sauƙi rugar ta tashi ta yi Kebbe, tun kafin lokacin tashinta.

Mahaifina ya sa aka goya shi ya je ya ga hannun yaron nan kafin su tafi. A hanyar dawowa ya ce mini: "Na janye maganata. Faɗi abin da ka sani." Da izininsa nake rubuta wannan takarda, kada a sake aika masa da saƙo.

Na biyar. Kwanan baya sai ga ɗan aikenka, wai in tara maka samari domin wani babban baƙo zai zo, za a raba riguna da huluna, a tsaya bakin hanya a yi masa kirari. Ashe ka san ɗan wanda nake. Ashe ka san ni ke da samarin. A nan na gane irin matasan da ake so: masu cika fili, masu ɗaga hannu in an ce a ɗaga, masu tafi. Wanda zai yi tambaya, ko da a durƙushe ne, ba a bukatarsa. Na ce wa ɗan aiken ya gaishe ka, ba zan tara kowa ba.

Ko na so ma, ban san ko za su zo ba. Waɗanda na goya zuwa yankan kati yanzu in sun gan ni sai su yi murmushi su ce, "Malam, yaya shugabanci?" Wasu sun tafi ci-rani Kudu, wasu sun bi masu haƙar zinari, waɗanda suka rage sun ce ba za su sake ɓata yininsu a layin zaɓe ba. Ina ce musu su adana katinsu, zai yi rana. Amma maganata ba ta da nauyi, domin sun ga yadda aka yi da ni. Ka rushe kwamiti cikin jimla ɗaya, abin da ka rushe a zukatan yaran nan kuwa ban san wanda zai iya gina shi ba.

Ga abin da nake roƙo, kuma babu muƙami ko wani abin hannu a ciki.

A buɗe burtalin nan kafin ruwa ya sake sauka, a mai da iyakarsa inda take, a gaban manoma da makiyaya. A bar matasa su zaɓi shugabansu da kansu, ko ba ni ba ne, a ba shi kujera a ƙungiya wadda in ya yi magana za a amsa masa, kuma a sa 'yan ruga da mata a ciki. Ka shiga maganar Lawali, ka haɗa Malam Garba da Arɗo a yi sulhu, domin Sambo ya riga ya ce ya yafe, manya ake jira. Sannan ka taka da ƙafarka ka je wurin abokinka Malam Umaru. Ba sai ka ce komai ba, ka zauna kusa da shi kawai, mutane su gani.

Ranar kasuwar da ta wuce wani mai sayar da nono ya kawo mini saƙo daga Kebbe. Sambo ne ke tambaya, in sun juyo da shanu bana, su biyo ta garinmu ko su zagaye. Ya ce mahaifinsa ya ce a zagaye, amma shi yana so ya ji daga bakina tukuna. Har yau ban aika masa da amsa ba, domin ba zan sake ba shi tabbacin da ba a hannuna yake ba. Mai nonon zai dawo kasuwa mai zuwa. Ka faɗa mini abin da zan ce masa.

Ina roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya haɗa ka da masu faɗa maka gaskiya, Ya ba ka zuciyar sauraronsu. Allah Ya sa ka sauke wannan nauyi tun a nan, inda ake iya gyara. Ya ba Sambo lafiya, Ya fito da Lawali, Ya zaunar da garinmu lafiya.

Wassalamu alaikum.

Ɗanka,
Sanusi Umaru