Irin Hatsin da Na Ba Sa

Baba,

Gaisuwa da fatan kabari ya yi maka sanyi. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana da rai ba ka san boko ba, ni ma sai da furfura ta fito na shiga lakwal, makarantar manya ta yamma.

Albishir nake kawo maka: 'yata Hadiza ta haihu, namiji, an raɗa masa sunanka. Ranar suna na yi rawa gaban surukai, har hula ta faɗi.

Amma ga abin da ya zaunar da ni. Wani Bature ya zo Dakoro yana tonon tsohon kufai, ni nake yi masa tafinta. A gindin murhu ya sami hatsi ƙonanne, cuɗe da wake. A jikin fasassun tukwane kuma ga sawun ƙaiƙayin da aka kwaɓa yumɓu da shi. Daga nan ya gane mutanen manoma ne, suna haɗa hatsi da wake gona ɗaya, suna sussuka a gida. Ya miƙo mini madubinsa mai ƙara girman abu na duba. Baba, ƙwayar nan 'yar gajera mai tsini, kamar taka sak, wadda kake zaɓen zangarniyarta da hannu kana binnewa cikin toka.

Ya tambaye ni ko akwai mai irin har yanzu. Na mayar masa da madubinsa.

Ka tuna damin da ka damƙa mini da ciwo ya kwantar da kai? Shekarar nan malamin gona ya raba sabon iri mai dogon kai, na raina naka. Na kwashe shi na zuba wa san nan namu na huɗa, ya cinye. Da ka tambaye ni ko ya tsiro, na ce maka har ya yi bununi. Ka yi murmushi. Ka yarda ne, ko kunyata ka rufa?

Mutanen kufai gobara ta ci su, duk da haka sun bar shaida. Ni me zan nuna wa takwaranka?

An ce wata tsohuwa a Tagriss tana da irin hatsin nan cikin gora. Ran kasuwa zan bi masu raƙuma. In ta hana ni, ban ga laifinta ba.

Ka yafe mini. Allah ya jiƙanka.

Ɗanka,
Mamman, wanda yanzu ake ce wa Kaka