Na Ɓoye Wayar Cajin Motar Mijina a Buhun Gero

Assalamu alaikum Anti Saliha. Don Allah ki agaza mini da shawara kafin Alhamis, na yi abin da ya hana ni zaune ya hana ni tsaye.

Maigidana Magaji makanike ne a nan Kaura Namoda. Tun da fetur ya yi tsada ya sa wa ransa sai ya haɗa motar da talaka zai shiga bai yi kuka ba. Ya samo wata akwala, ya cire injinta ya sa na lantarki, ya jera batura a but ɗin bayanta, ya shimfiɗa sola a rufin gareji. Shekara biyu muna fama. Har ni na yi masa dariya, sai ranar da ya kai ni makarantar da nake koyarwa a cikinta, ba ƙara ba hayaƙi, na ji kaina ya kumbura.

Yanzu ya ce Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, zai yi lodin fasinja don direbobi su gani da idonsu. Anti, hanyar nan ba a bin ta yadda aka ga dama. Motoci kan taru a tashi ayari guda, kowa ya ba ta wuta saboda ɓarayin daji, wanda tasa ta mutu a dajin Moriki kuwa ba mai jiransa. Mai fetur ko galan ya riƙe. Shi in batir ya ƙare me zai zuba? Na tambaye shi, wai ya yi lissafi. Lissafin da ya yi a cikin gari, shi kaɗai a mota, ba buhu ba akuya!

Shi ne na ɗauke wayar cajin, wadda ya haɗa da hannunsa kuma ba ta da ta biyu, na cusa ta cikin buhun gero. Na zaci zai fasa. Ina! Sai ya ɗora laifin a kan ƙanensa Saminu, direba ne a wannan hanyar, da ma kullum yana tsokanarsa a kan motar. A gaban mutanen tasha ya kira shi ɓarawo mai hassada. Saminu ya rantse har da hawaye. Laila matar Saminu ta daina amsa gaisuwata, surukata ta kira su biyun an tashi baram-baram. Abin haushi, Magaji ya fara haɗa wata wayar, ya ce Laraba za ta kammalu.

Duk sanda na je ɗibar gero sai hannuna ya taɓa ta. In na faɗa ina tsoron aurena, in na yi shiru ina cin alhakin Saminu, shi kuma ko ta yaya tafiya zai yi. Ya zan yi?

Matar makanike, Kaura Namoda

Wa alaikumus salam 'yar'uwa.

Tsoronki yana kan hanya, ba zan ce miki komai ba ne. Motar da ta yi yawo a gari da mutum ɗaya ba ta nuna abin da za ta yi da cikakken lodi, da gudu, cikin zafin rana ba. Kuma ba ransa kaɗai zai ɗauka ba, har da na fasinja.

Amma ki yi wa Magaji adalci. Shekara biyu ana yi masa dariya a kan abin da, in ya yi kyau, zai sauƙaƙa wa mutane tafiya. Irin wannan mutum ɓoye waya ba ya tsayar da shi, kin ma gani. Abin da kika tsayar zumunci ne.

Ki fito da wayar yau, ki kaɗe geron, ki miƙa masa ku biyu a ɗaki. Kada ki fara da kare kanki. Ki ce ke kika ɗauka, ki faɗi dalili, ki ba shi haƙuri. Zai yi fushi, ki jure. Sannan ki nemi gafarar Saminu da Laila da bakinki, shi kuma ya koma tashar da ya zage shi ya wanke shi a gaban mutanen nan dai.

Batun tafiya, in ya huce ki roƙe shi abin da makanike zai gane: ya loda buhunan yashi nauyin fasinja da kayansu, ya yi ta zagaya gari har batir ya mutu, ya ga iyakarta. Ya tanadi wurin caji a Shinkafi tukuna. Kasuwa za ta sake ci wata Alhamis. Tafiyar farko kuma ba fasinja, sai mota mai fetur a bayansa, da igiyar ja, da direban da ba zai wuce shi ba ko me ya faru.

Ki duba tashar nan kaf, direba ɗaya ne zai taka birki ya jira shi a dajin Moriki, shi ne wanda kika bari aka kira ɓarawo. Ki maido masa ƙanensa kafin Alhamis.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya tsare mana hanyoyinmu, ya kai Magaji ya dawo miki da shi lafiya.

Taku, Anti Saliha