Bindigogin da Muka Shigar da Sunan Kayan Makaranta

Assalamu alaikum Anti da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin a zage ni a karanta har ƙarshe, don duk zagin da za ku yi na riga na yi wa kaina.

Ni ɗan Kano ne mazaunin birnin Guangzhou na ƙasar Caina, aikina raka 'yan kasuwarmu sari da loda musu kwantena. Cikin iyayen gidana akwai wani Alhaji ɗan unguwarmu, irin masu buɗe gidauniyar marayu su kafa allon da ya fi ofishin girma. Da sunan gidauniyar ya samo takardar yafe haraji a kan kayan makaranta. Marayun kuwa har yau ban ga wanda ya samu ko guntun fensir ba.

Ana gab da fara wasannin Olamfik a Caina ya zo sarin kayan Sallah. Lokacin gari ya yi zafi, 'yan sanda na bin shaguna suna kwashe duk abin da ya yi kama da makami. Wani ɗan Caina a kasuwar kayan wasan yara ya ja mu ƙuryar shagonsa ya nuna mana bindigogin roba baƙaƙe, masu harsashi kamar ƙwayar dawa, da hoton panda, wata dabba fara da baƙi, a gindinsu. So yake ya rabu da su ko a nawa ne. Na ce ya kawo marasa ƙarfi, ya kaɗa hannu ya ce "meiyou", wato babu. Na ɗauki ɗaya na harbi gwangwanin lemo, sai ga huda.

Na ce, "Alhaji, wannan fa za ta tsiyaye ido."

Ya ce, "Idon kowa a hannun Allah yake. Ni harajin ne damuwata, zai cinye ribar."

A nan ne ni, da shegen iyayina, na ce ai yana da takardar gidauniya. Wa ya tambaye ni? Wa ya matsa min baki? Ni na tsara lodin da hannuna: bindigogi da harsasai a ciki, bakin kwantenar kuma alli da littattafan rubutu, yadda duk wanda ya buɗe zai sa masa albarka. Alhaji ya dafa kafaɗata yana dariya yana ce min "Laoban", wato oga. Wallahi daɗi na ji, kamar karen da aka jefa wa ƙashi.

Ina da yaya mace, tela ce, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, da kuɗin kekenta na fara fitowa waje. Washegarin Sallah yaran unguwa suka shigar mata yawon Sallah suna harbe-harbensu, harsashi ya same ta a idon dama. Mijinta ne ya kira ni. Na tambaye shi wace irin bindiga ce, ina addu'a a raina. Ya ce, "Wata baƙa ce mai hoton dabba fara da baƙi, duk unguwar ita ce a hannun yara." Jaje kawai na yi masa kamar bare.

Idon bai tashi ba. Yanzu zare ma sai an zura mata a allura, masu kawo ɗinki sun watse. Kun san wanda ya kai ta asibiti? Alhaji, a motarsa, da mai hoto a bayansa. Ya biya kuɗin aikin idon, ya tsaya a bakin gadonta da babbar riga yana karɓar godiya, aka liƙa hoton a ofishin gidauniya. Mutanen unguwa kuma, da ba sa tambayar daga ina abu ya fito in dai mai kuɗi ne ya kawo, sai yabon sa suke. Yayata ba ta sallame sallah ba tare da ta sa shi a addu'a ba. Na tsani mutumin nan, amma da wane baki zan faɗa, ni da na koya masa dabarar?

Yanzu ya dawo sarin Babbar Sallah, kaya iri ɗaya, takarda iri ɗaya. Ashe kafin ya taso ya yi wa yayata alƙawarin kwali biyu na "kayan yara" ta ja jari a gida. Na ce, "Alhaji, ita za ka ba wa wannan?" Ko kunya babu ya ce, "To me? Bindigar ce hajar da ta fi tafiya. Da ido ɗaya ai ana ba da canji."

Jiya ta kira ni, muryarta da farin cikin da rabona da jin sa tun kafin Sallah. Ta ce, "Auta, tunda kai kake loda wa Alhaji kaya, ka zaɓo min masu kyau, ka rubuta sunana a kwalin da hannunka don kar a canza min."

Na ce to. In na loda, ranar da ta buɗe kwalin za ta ga pandan nan da rubutuna a kai. In na ƙi, sai na gaya mata dalili da bakina. Jibi ake lodi. Me zan yi?