Makullin Babur a Rijiya

Laraba da dare, Kademi

Barci ya ƙi zuwa. Har yanzu tafin hannuna warin igiyar guga yake yi.

Da safe na sunkuya zan ja ruwa, sai makullin babur ya zame daga aljihun gaba, tsulum cikin rijiya. Ga Inna ta riga ta yafa mayafi, tana jira in kai ta asibiti a Gaya. Ƙugiyar ciro guga ba ta kamo komai ba. Sai maƙwabcinmu Malam Sabo mai gyaran rediyo ya zo da mayen ƙarfe na tsohuwar sifika, bai fi ƙosai girma ba. Ya ɗaure shi a igiya ya ce, "Malam, zura a hankali, kada ka tayar da laka." A zurawa ta huɗu sai ga makullin ya fito, manne ta zobensa, yana ɗigar ruwa.

Na sha gaya wa ɗalibaina cewa ƙarfin jan ƙasa bai kama ƙafar na maganaɗisu ba, amma a allo kawai na san haka. Yau na gani da idona. Duniya sukutum, da duwatsunta da tekunanta, tana jan ɗan makullin nan ƙasa, abu kamar ƙosai ya ƙwace shi.

Takardar aikin da na samu a Kano tana ƙarƙashin matashina, har yau ban ba su amsa ba. Birni guda yana ja na. Daga ɗakin can kuma ina jiyo tarin Inna, ƙasa-ƙasa take yi don kada ta tashe ni.

Na riga na san wanda zai ci.