Ƙanena Zai Zo Sallah Da Jinjira, Ya Ce In Nema Masa Masauki A Waje

Zuwa ga Malam Na-Zaure, mai filin shawarwari. Gaisuwa da fatan alheri.

Malam, don girman Allah ka agaje ni da shawara, kuma ka hanzarta, don saura kwana arba'in Babbar Sallah, ni kuwa na ɗaure kaina da igiya biyu. Da ajami na rubuto, boko ban iya ba, sai ku juya shi. Ban so wani ya rubuta mini, don abin na cikin gida ne.

Ni mutumin Illela ne, bakin iyaka. Sana'ata fatu. Ina sayen na awaki da na tumaki daga nan har tsallake, ƙasar Faransi, in shanya su a gida, in kai Sakkwato. Sana'ar nan mahaifinmu ya bar mana, da ita na riƙe gida bayan rasuwarsa, da ita ƙanena Maharazu ya yi makaranta har ya zama malamin awo a wani kanti a Gusau. Mu biyu kaɗai munka rage wa tsohuwarmu, Inna. Ta tsufa, ganinta ya fara raguwa.

Shekara biyu da sunka wuce Maharazu ya zo Sallah da matarsa Lubabatu da ɗansu na fari, Halliru, yana wata bakwai. Yaro ne kakkaura, mai yawan dariya. Anka sauke su a ɗakin da ke kusa da na Inna. Kwana uku da zuwansu zazzaɓi ya kama shi, gudawa ta biyo baya. Inna ta ba shi jiƙo, munka karɓo rubutu, babu abin da ba mu yi ba. Ranar da anka yanka layya, ranar munka kai shi makwancinsa. Lubabatu ba ta zargi kowa ba. Ta zauna kwana bakwai a ɗakin nan, ƙofa a saye, sannan sunka koma. Tun daga nan ba su sake tako Illela ba.

Bana Allah ya ba su 'ya mace, anka sa mata sunan Inna, muna ce mata Ummu. Watanta huɗu yanzu, kakarta ba ta taɓa ɗaukarta ba. Kwana goma sha biyu ke nan da wani bafatake ya kawo mini takardar Maharazu, ita ma da ajami. Ya ce an ba shi hutun kwana ashirin, za su zo. Na yi murna har na miƙe tsaye. Sai na karanta gaba. Ga abin da ya rubuta: "Yaya, ka nema mana masauki, amma ba a gida ba. Ɗaki mai tsabta, kusa da rijiya, nesa da fatu da kududdufi. In bai samu ba, ka gafarce ni, ba za mu iya zuwa ba."

Inna tana zaune a gindin bishiyar tsakar gida lokacin da nake karantawa. Ta ce mini, mi ya ce? Na ce suna tahe, da takwararki. Na tsaya nan. Malam, ta rangaɗa guɗar da ban ji irinta daga bakinta ba tun aurena. Ina zan samu bakin faɗin sauran? Wanshekare ta tara mata sunka yi wa ɗakin nan sabon daɓe, anka shafe bango da farar ƙasa, ta aika anka saƙo sabuwar tabarma. Ta ce tana so ta kori baƙin cikin da ya kwana a ciki. Kullum da safe sai ta shiga da kanta ta share, tana lalubar bango. Wannan ita ce igiya ta fari.

Ta biyu kuwa, bafataken nan zai juya, ya tsaya kaina sai na ba shi amsa. Na ji tsoron kada Maharazu ya fasa. Sai na rubuta masa cewa masauki ya samu, su taho. Alhali ko inuwar bukka ban samu ba.

Tun ran nan ƙafata ba ta huta ba. Na fara zuwa wurin Mukhtari, mai saukar da fatake a bakin kasuwa. Ya nuna mini ɗaki, ba laifi, rufinsa ba ya yoyo. Amma bangonsa ɗaya da turken jakuna, ga Buzaye da raƙumansu da buhunan kanwa, ga wani baƙo kwance a zaure yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Makewayi ɗaya ne, na maza. Ya tambaye ni wa za a saukar, na ce wani baƙo daga Gusau. Ya yi dariya ya ce, "Wa gare ka a Gusau in ba ɗan'uwanka ba?" Na ce zan dawo, ban koma ba.

Na hau jaki na tafi wajen Amarawa, rugar abokina Jaɓɓo, wanda muke cinikin fatu da shi tun muna samari. Shi na gaya wa gaskiya duka. Ya ce zai sa a kafa musu sabuwar bukka, ga nono, ga iska. Allah ya saka masa. Amma na duba, rijiyarsu tare suke sha da shanu, ga ƙuda, ga nisa. Inna ba za ta iya zuwa can ba ko a kan jaki, to mi anka yi ke nan?

Kada ka yi mini dariya, har barikin da Turawa ke sauka in sun zo rangadi na je. Sarkin bariki ya dube ni tun daga rawani har takalmi, ya ce in wuce gida in sha ruwa.

Saura wuri ɗaya. Akwai wata dattijuwa Tasalla, ungozoma ce, ƙawar Inna tun suna 'yan mata. Ɗanta ya tafi Gwanja fataucin goro, sashensa na nan a rufe. Gidan yana kan tudu, da rijiya a ciki, ba dabba, tsakaninsa da namu bai fi gida shida ba. Sau uku ina zuwa ƙofarta ina juyowa. Na san in na buɗe baki, kafin in iso gida maganar ta riga ni zuwa kunnen Inna.

Kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya sosu. 'Ya'yana biyar a gidan nan sunka tashi, cikin warin fatun nan, suna nan da ƙafafunsu. Yau fatun da sunka kai shi makaranta su ne abin gudu? Mai ɗakina ta ce in ba su son gidan su zauna Gusau ɗinsu. Wani lokaci in ji ta yi daidai. Sai kuma in tuna yadda na ɗauki yaron nan a hannuna cikin likkafani, bai fi nauyin zakara ba, in tambayi kaina: in na tilasta sunka sauka gida, wani abu ya sami Ummu, da wane ido zan dubi ƙanena? Kududdufin yana nan bayan katangarmu, damina ta cika shi, sauro kuwa sai wanda ya gani. Ita Lubabatu matar ƙane ce, akwai kunya tsakaninmu, ba ni da hanyar jin abin da ke ranta. Ga mutanen gari, waɗanda za su ce ɗan gidan wane ya yi boko ya fi ƙarfin ɗakin uwarsa. Ga Inna, wadda ban sani ba ko za ta ga wata Sallar.

Na kasa zama a rumfata. Jiya na sayi fatar da ƙwari sunka ci, ban lura ba sai da yamma. Malam, mi zan yi? In rubuta musu su fasa? In bar su su iso, in sun ga ɗakin da Inna ta gyara musu kunya ta hana su fita? Ko in faɗa mata, in karya mata zuciya?

Naka cikin damuwa,
Mai Fatu, Illela.

AMSA

Malam Mai Fatu, amincin Allah ya tabbata a gare ka. Allah ya jiƙan Halliru, ya sa mai ceto ne, ya raya Ummu.

Na aika maka da amsar nan ta gidan waya tun kafin a buga ta, don ƙanenka ɗan boko ne, mai yiwuwa yana karanta wannan fili. Gara ya ji daga gare ka.

Masauki ka riga ka samu, gidan Tasalla ne. Abin da ya rage maka magana ce, ita kake ta kewayewa a kan jaki. Kada ka ce su fasa. Kada kuma ka bar su su iso ka kama su da kunya. Wannan tarko ne, in ka yi shi ba za su ƙara yarda da takardarka ba.

Bari in auna maka ɓangarorin. Inna tana da hakki. Ɗanta ne, takwararta ce, abin da ta yi wa ɗakin nan ƙauna ce tsantsa. Kai ma jin zafinka ba laifi ba ne. Maharazu ya yi kuskure da ya jibga maka wannan kaya a layi uku, bai ko ce ga abin da za a gaya wa tsohuwa ba. Amma sake karanta takardarsa. Bai zagi sana'arka ba, bai ce wani ya kashe masa ɗa ba. Mutum ne da ya binne ɗa ɗaya yana tsoron na biyu. Ita kuma Lubabatu, ɗakin da aka gyara mata shi ne inda ɗanta ya cika a hannunta. Farar ƙasa ba ta shafe wannan. Ajali na Allah ne, gaskiya, amma sauro da ƙuda suna kawo wa jarirai cuta, wannan ma gaskiya ne, kuma kai da bakinka ka ambaci kududdufin.

To, ka fara da Inna, yau ba gobe ba. Ka same ta ita kaɗai. Ka ce ka rage wani abu a takardar saboda murnar da ka ga ta yi, ka roƙi gafara. Kada ka fara da zancen fatu. Ka ce yarinyar nan ba za ta iya kwana inda ta rasa ɗanta ba. Inna uwa ce, ku biyu kaɗai kuka rage mata, ta san wannan ciwon fiye da ni da kai. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwarka ba. Ka jure. In abin ya yi tsawo, ka nemi wani dattijo da take jin nauyinsa.

Sannan ka bar mata aikin. Kada kai ka je wurin Tasalla. Inna ce za ta roƙi ƙawarta sashen, ita za ta kai tabarmar da ta sa aka saƙo, ita za ta sa a share. In ta ga dama ta ɗauki shimfiɗarta ta koma can har baƙi su tafi. Da haka ita ce ta sauki jikarta, ba wani ba. Masu surutu kuwa, amsarsu gajera ce, kuma ba ƙarya a ciki: an kai mai goyo gidan ungozoma.

Kai naka shi ne duba wurin da idonka. Sashen da ya daɗe a rufe, a buɗe shi ya sha iska da rana, a duba rufi da ramukan ɓera da kunama. A sami makewayin da mace za ta shiga ba tare da ta ratsa maza ba. A sa sabuwar randa mai murfi. A gidanku kuma ka kwashe fatun daga tsakar gida na kwanakin nan, ko rumfarka ta kasuwa ce ka kai su, don a riƙa kawo Ummu da hantsi ta wuni a ɗakin kakarta. Sabon ɗakin ba zai tafi a banza ba, Maharazu ya karɓi masu gaisuwar Sallah a ciki. Kada kowa ya matsa wa Lubabatu ta shiga. In ta shiga da kanta wata rana, alheri.

Bayan ka gama da Inna, ka rubuta wa ƙanenka gaskiya: cewa a baya ka ce masa masauki ya samu alhali bai samu ba, amma yanzu ga inda yake. Ka ce ya sayo gidan sauro a Gusau, yarinya ta tsaya ga nonon uwarta, in za a ba ta ruwa a tafasa shi. Daga Sakkwato su riƙa tafiya da sanyin safiya, su yada zango Kware da Gwadabawa, ka aika wa abokan cinikinka na can tun yanzu su tanadar musu ɗaki. Ka kuma gaya masa, da muryar babban wa, cewa ranar da suka iso ƙofar Inna za su fara tsayawa kafin su wuce masauki. Ita za a fara miƙa wa yarinya.

Maganar fatu da makaranta kuwa, ka bar ta a cikinka har su huta. In ta ƙi kwanciya, ku yi ta ku biyu a zaure, ba a takarda ba.

Allah ya kawo su lafiya, ya sanyaya zuciyar Inna, ya sa ku yi Sallah tare cikin kwanciyar rai.

Malam Na-Zaure.