Abin da Kika Binne a Gindin Randa

Zuwa ga Indo, uwargidana,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahama, ya haskaka makwancinki. Na san ba za ki karanta wannan ba. Da kina nan ma dariya za ki yi, ki ce yaushe Malam ya koyi doguwar magana. To, magana ce ta cika mini ciki, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

An yi girbi. Gero bai yi auki ba, don bana ma taki ya gagare mu, amma dawa ta ɗan rufa asiri. Jar akuyarki ta haifi biyu. Innarki har yanzu in ta shigo sai ta kira sunanki, sannan ta tuna, ta nemi wuri ta zauna.

Babban labarin shi ne na Uwani. Indo, ciwonki ya kama 'yarmu. Ta fara shan ruwa ba ƙoshi, kiyashi na taruwa a makewayi kamar yadda ya yi lokacinki. Na kai ta asibiti a Bici, suka gwada, suka ce suga ne, irin naki, mai allura kullum. Da muka dawo na ɗauko allurar, yarinyar nan ta ƙi. Na yi lallashi, na yi faɗa, a banza. Can sai ta dube ni ta ce ai Innarta ma ba ta yi, in ban yarda ba in tona yashin gindin randa.

Na tona. Kin san wurin, ni na zuba yashin da hannuna, ni nake jiƙa shi don maganinki ya sami sanyi tunda ba mu da wuta balle firji. Can ƙasa na tarar da kwalaben, cike, ko murfinsu ba a ɓalle ba. Ashe duk sanda kika ce ya ƙare na je na sayo, binnewa kike yi. Wallahi ba tunkiyar da na sayar don sayen maganin ce ke ƙona mini rai ba. Haba Indo! Ina kusa da ke, ɗaki ɗaya, kina mutuwa ban sani ba?

Yanzu na gane inda abin ya faro. Bikin sunan nan ne da kika je garin Kunci. Lokacin allurar ta karɓe ki, kin yi kumatu, kin cika zani, a shekarar da kowa ya rame saboda tsadar hatsi. Mata suka sa ki a gaba. Wai gari na rama Indo na ƙiba. Wai ni Sale na ɓoye rumbu a ƙarƙashin gado. Wai turke ki aka yi kamar ragon layya. Kika dawo kina ba ni labari kina dariya, ni ma na yi dariya. Ban lura cewa a ranar ba ki taɓa furarki ba.

Bayan nan kika durƙusa kika nemi izinina za ki riƙa azumin Litinin da Alhamis. Na ba ki da murna. Sai kika ƙara da na tsakiyar wata, sai wai akwai ramuwar da ba ki gama ba tun goyon Uwani. Har a bakin masallaci na yi ta bugun ƙirji. Mutane suka ce Allah ya ba ni mace ta gari. Da kika rame, matan nan dai su ne suka ce kin koma budurwa. Ban da ma'aikaciyar asibiti ba wanda ya ɓata rai, ita ma kika ce mata aikin damina ne.

Ni kuwa ina zaure da maza. Kwanona ya fito a cike, ya koma ba komai, na ce alhamdu lillahi gida lafiya. Tun da aka kawo ki gidan nan ban taɓa ganin kin kai loma baki ba. Haka muka taso, ubana ma bai taɓa ganin na uwata ba. Uwani ce ta gani. Ta ce rabonki ita kike tura wa, ko ki watsa wa kaji. Ta ce wata rana kuma sai yunwa ta ci ƙarfinki, ki shige madafi ki cinye ɗumame a tsaye kamar ana korarki, ki zagaya ki amayar, ki dawo kina kuka, ki roƙe ta kada ta gaya wa Baba. Yarinya ƙarama kika ɗora wa wannan, Indo. Ina jin haushinki, sai in tuna wahalar da kika sha ke kaɗai, haushin ya koma kuka.

Ranar da kika faɗi kina amai, numfashi sama-sama, muka sa ki a bayan a-kori-kura, kika cika kafin mu shiga Bici. Kowa ya ce ajali ne. Ajali ne, ban musa ba. Amma ma'aikaciyar nan ta ce mini wannan tsoron abinci da ƙin jikin ma ciwo ne mai zaman kansa, kuma ana taimakon mai shi in an sani. In an sani!

Na daina cin abinci a zaure. A tsakar gida nake shimfiɗa tabarma, ni da Uwani kwano ɗaya. Su Malam Audu, abokan zaurena, suna ta yi mini tsiya, wai na koma cikin mata. Su yi ta yi. Allurar ma ni nake yi mata, na koya. Makon jiya ta durƙusa kamar yadda kika yi, ta nemi izinin azumin Alhamis. Na hana. Ta yi kuka ta ce ina hana ta lada, na kai ta wurin liman ya ce mata Allah ya ɗauke wa mai irin ciwonta. Amma ban ce na ci nasara ba. Ta fara cikowa, kuma jiya na gan ta tana matsa damtsenta tana kallo.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba, kunya ta hana. Shekarar da kika yi kumatun nan, ban taɓa ganin mace mai kyanki ba. Nakan tsaya a bakin zaure in yi kamar ina gyaran fartanya don kawai in kalle ki kina daka. Me zai rage ni da na faɗa? Ita dai Uwani na faɗa mata jiya, na ce kamarku ɗaya sak, kuma ta fi kyau a haka.

Zan tsaya nan. An kwashe tuwo, ga ta can a kan tabarma, kuma in ban zauna ba ba za ta ci ba.

Allah ya jiƙanki, ya yafe mana baki ɗaya, ya sada mu da alheri.

Naki har gobe,
Sale, wanda kike ce wa Malam