Akurkin Malama Enid

Gannet Point, Tasmaniya
6 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Dulcie,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da Clarrie da yara. Yaya gwiwar? Allah ya sa ɗumin Queensland ya karɓe ta, don mu nan har yanzu ba mu rabu da bakin murhu ba.

Yaya, nemi kujera kafin ki ci gaba. 'Yata Raelene ta haihu! Namiji, ranar Talata da hantsi. Shekara goma sha huɗu da aure, har mun daina tambaya. Da aka miƙo mini shi a asibiti sai ga kunnuwan Baba sak, fatan-fatan. Na yi kuka a gaban ma'aikata, ko kunya ban ji ba. Na riga na fara sassaƙa masa gado da ragowar katakon da na ɓoye tun ina aiki a injin yankan katako.

Ki dubi rubutun nan da kyau. Hannuna ne, ba wanda ya kama mini. Shekara uku ke nan ina zuwa ajin manya na yamma, Litinin da Alhamis, ni da shekara sittin da shida a duniya.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a maƙogwaro, wato suna. Kwana sittin gwamnati ta ba su su rubuta shi. Ni ina son Tobias, sunan kakanmu na farko da aka kawo tsohon kurkukun garin nan a ɗaure saboda satar agwagi biyu. Malama Enid kuwa, uwar mijin Raelene, ta kafe sai Josiah. Na tarar da ita a bakin gadon asibiti tana kallon yaron, ta ce, “Goshin gidan Wimble ne, ba ko tantama.” Na ce, “Goshin naku ne, Malama, kunnen namu.” Ba ta yi dariya ba.

Ba ki manta da ita ba, na sani. Ita ce ta zaunar da mu a bencin ƙarshe kusa da ƙofar aji, tana ce mana jinin sarƙa, wato jikokin fursunoni. Ni take aika faskare a ranakun karatu, wai ɓarnar alli ce koya wa ɗan gidan Rainbird baƙi. Shekararta tamanin yanzu, kuma talatin daga ciki ta yi su tana zagayawa da baƙi a tsohon kurkuku, makullai a ƙugu. Kullum sai ta faɗa musu cewa kakanta Josiah Wimble da kuɗin jirginsa ya zo, ɗa ne ba fursuna ba, magatakardan kwamandan kurkuku, har yana koya wa fursunoni karatu don tausayi. Wannan sunan take so jikana ya ɗauka.

Ki gaishe da kowa.

Ƙaninki,
Athol Rainbird


Gannet Point
24 ga Satumba

Yaya Dulcie,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na gode da 'yar rigar da kika saƙa wa yaro. Tana rufe shi har ƙafa, amma a yadda yake tsotso ba za ta daɗe ba.

Ban taɓa jin daɗi irin na makon nan ba. Malaminmu na yamma ya kai mu ɗakin karatu na kurkuku don mu gwada karanta tsohon rubutu. Na nemi shafin Tobias a kundin fursunoni, na same shi: tsawonsa, launin idonsa, tabon da ke haɓarsa, da bulala hamsin da aka yi masa a watan Mayu na 1843 don ya amsa wa gandiroba magana. Ina ta juya shafuka don daɗin iya karatu, sai ga Wimble. Josiah Wimble, Yaya! Ɗaurin shekara goma sha huɗu, ya yi wa wata bazawara sata. Ba magatakarda ba ne. Fursuna ne da ya karɓi aikin yi wa 'yan'uwansa bulala don a ƙara masa shayi da taba, daga 1842 zuwa 1845. Ki haɗa shekarun da kanki. Hannunsa ne ya yayyaga bayan kakanmu.

Sau huɗu na karanta da yatsa a kan layi. Na fito waje na sayi fanken kifi guda biyu na cinye a tsaye.

Ga kuma wani abin. Ranar sha biyu ga Oktoba za a yi Taron Jikoki, inda ake karanta sunayen fursunoni daga mumbarin cocin kurkuku. Kin san wa ya ba kwamiti sunana? Malama Enid! Ta zo har gida da alƙalami a ɗan akwati, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza jakarta. Ta ce, “Athol, na ji ka iya karatu. Da can ban kyauta maka ba. Ka hau ka karanta na kakanka, ni zan fara yi maka tafi.” Na karɓi alƙalamin na yi godiya. Da shi nake rubuta miki wannan, kuma da shi na kwafe shafin Josiah.

Kada ki faɗa wa Raelene.

Naki,
Athol


Gannet Point
20 ga Nuwamba

Yaya Dulcie,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan gwiwa ta yi sauƙi. Na ga wasiƙarki da kika ce in bari, wai tsohuwa ce kuma ta nemi gafara. Ta iso a makare, amma ko da wuri ta zo ba zan ɓoye miki ba, da ban bari ba.

Kin tuna yadda cocin yake. Ba benci, sai akurkin katako a jere, kowane na mutum ɗaya a tsaye, don kada fursuna ya ga na kusa da shi. Ƙofar wannan ita ce bangon wancan. Na farko ya shige can ƙurya a rufe shi, na biyu ya biyo a rufe, har layi ya cika, kuma ba mai fita sai na bayansa duk sun fita. Mai wa'azi kaɗai ke ganin fuskar kowa. To, shekara talatin Malama Enid ce ke fara shiga don ta nuna wa baƙi yadda ake yi. Ranar ma haka ta yi. Ta shige ƙuryar layin gaba da hularta mai fure, mutum goma sha ɗaya suka rufu a bayanta.

Na hau mumbari. Na karanta Tobias ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta yi tafi kamar yadda ta yi alkawari, tana murmushi. Sai na zaro takarda ta biyu na ce akwai wani ɗan garin nan da aka manta da shi.

A hankali na karanta, Yaya, baƙi bayan baƙi, yadda ba ta koya mini ba. Sunansa, bazawarar, shayin, tabar, shekarun. Sauran mutane ba sa ganinta, sai dai suka ji tana ƙwanƙwasa katako. Ta ce, “Ku buɗe mini, don Allah.” Na kusa da ita ɗan yawon buɗe ido ne, ya ɗauka cikin shirin ne, har ya yi dariya. Daga baya wani ya ɗaga murya, tsohon Merv ne mai jirgin kamun kifi, ya ce, “Ashe duk jirgi ɗaya ya sauke mu, Malama!” Cocin ya ɗauki shewa. Ni kaɗai nake kallon fuskarta, kuma ban ɗauke ido ba sai da na kai ƙarshen shafi. Kafin sha ɗayan nan su fita ɗaya bayan ɗaya an ɗauki lokaci. Da aka kai kanta, siket ɗinta a jiƙe yake. Graeme, mijin Raelene, ya tuɓe kwat ɗinsa ya rufa wa uwarsa.

Washegari ta aika wa kwamiti da makullan kurkuku. Ba ta ƙara fita ba, ko coci. Kwamiti ya ce abin da ke kundi ba wanda zai goge shi, kuma baƙi sun fi son wannan labarin. Yanzu ni ke zagayawa da su ranar Laraba da Asabar, makullanta a ƙuguna. Ina nuna musu akurkin ƙurya, suna ɗaukar hoto. Ni, Athol na bencin ƙarshe! Da Baba yana raye da ya sha dariya.

Raelene ce dai ba ta gane ba tukuna. Na je gidansu da gadon da na gama, ta tare ƙofa da yaron a kafaɗa, bayansa kawai na gani. Ta ce, “Baba, shekara uku kana koyon karatu, abin da za ka yi da shi ke nan?” Na ce ai don ɗanta na yi, kada ya tashi da sunan mai bulala. Ta ce, “Jininsa ne shi ma, Baba. Kakarsa ka tsayar a akurki.” Da safe na tarar da gadon a barandata. Yanzu sun kafa allon sayarwa a ƙofar gida, an ce Perth za su koma, har da tsohuwar. Fushin jego ne, zai wuce. Na shafa wa gadon mai na rufe shi da bargo.

Yaya, wata alfarma nake nema. Kwana sittin sun cika tun farkon wata, ke nan an riga an rubuta sunan. Merv ya ce bai sani ba, matar fasto kuma ta ce ba ita za ta faɗa mini ba. Na san Raelene tana kiran ki. Idan ta aiko miki da hoto, ki aiko mini, ki rubuta sunan a bayansa. Ki yi shi da manyan baƙaƙe ko ƙanana, duk ina iya karantawa yanzu.

Ki gaishe da Clarrie da yara.

Ƙaninki mai jiran amsa,
Athol Rainbird